Ibrahima da Randunan da Ba Su Zufa

Ran Talata, tara ga watan Rajab, ina kwaɓa yumɓu nan Tsamaye, Usmanu ya shigo ya ce ƙanenshi Dakta Ibrahima ya cika a asibiti, can Sakkwato. Na Allah muke, wurinshi za mu. Na wanke hannu na zamna. Abin da ya fara faɗo min, Ibrahima, ka tafi ban yafe maka ba.

Kai ɗan ƙanen mijina ne, Allah ya jiƙan shi. Ka ce aikinka a jami'a kallon yadda ruwa ke kwanciya jikin abu mai tauri, ƙwaya-ƙwaya, cikin kwamfuta. Na ce ni shekara arba'in ina ginin randa, ba wanda ya kira ni dakta.

Shekara ta biyu da damina ta ƙi, rijiyoyinmu sunka ƙafe, sai Gatawa ake ɗebo ruwa bisa jakai. Ka zo ka ga randata tana zufa, ka ce wagga asara ce. Wai kwamfuta ta ce in anka goge cikin randa da dutse ya yi santsi kafin a gasa, ruwan kwana uku zai kai biyar. Na gina talatin irin haka, na sai da su. Ruwa ya kai kwana huɗu, ba biyar ba. Ga zafi! Randar da ba ta zufa ba ta sanyi. Kadijatu ta Gangara, da ta sayi ɗaya, ta tare ni ta ce, "Inna Hajjo, mun gode, ganyen shayi kaɗai ya rage mu zuba."

Na tsare ka. Ka sosa ƙeya ka ce, "Inna, in na sa wa kwamfuta kowane ramin yumɓu, sai ta shekara ba ta ƙare ba. Shi ya sa na ce mata sumul yake kamar faranti. Ƙiyasi ne."

Na ce, "Sanyin fa?"

"Ban tambaye ta sanyi ba."

"Wato ka yi mata ƙarya, ta yi maka ƙarya, ni anka zaga."

Amma gaskiyarka za ni faɗi. Ran kasuwar Sabon Birni ka tsaya da babbar rigarka tsakiyar masu tukwane, ka ce laifin naka ne, ba na Inna ba. Kuma har damina ta sauka, jakin ruwa bai fasa tsayawa ƙofar tsofaffin unguwarmu ba, kai ka aiko shi.

Duk Salla ka ce in yafe, in ce sai kwamfutarka ta san yumɓu. Watan jiya ka bugo waya, ka ce ka sa mata ramukan, ta yarda randar tsofaffi ta fi. Na ce shekara uku ka yi neman abin da uwata ta koya min da ranƙwashi ɗaya, ka taho ka faɗa gaban idona. Ashe kana kwance, ba ka gaya min ba.

To, na yafe maka, duniya da lahira. Tun ran kasuwar nan na huce, jan rai ne irin na tsufa.

Ruƙayyatu, ke da ɗiyanki, Allah ya ba ku haƙurin rashin maigida. Usmanu, sai haƙuri. Ita kuwa kwamfutar, ku ba ɗalibanshi, amma ku ce su riƙa gaya mata gaskiya.

Allah ya jiƙan ka, Ibrahima, ya sanyaya makwancinka, ya ba mu ruwa bana. Amin.