Lakar da Ta Bushe a Rim

Mai Darma ake ce masa a layin masu gyaran mota, domin tun yana saurayi aljihunsa ba ya rabo da gutsattsarin darmar da ake maƙala wa taya don ta daina rawa. Ba shi da surutu, ba shi da abokin faɗa. Rumfarsa ta kwano ce, da injin balansin guda, da jak mai yoyon mai, sai wani benci da ya ga jiya ya ga yau. A nan ya tsufa.

Autansa ya ƙi sana'ar. Tuƙi ya zaɓa, yana kai magani da kayan masarufi ƙauyukan bayan kogi a wata tsohuwar jif, hanyar da in damina ta zauna ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi. Ranar zaɓen taya sai da suka yi musu, don Auta masu ƙananan zane yake so, wai ba sa kuka a kwalta.

"Kai ina ruwanka da kwalta?" in ji uban. "Ɗauki masu manyan haƙoran nan, masu giɓi. Su ke tofar da laka suna tafiya. Kuka kam za su yi, sai ka toshe kunne."

Su aka ɗaura, ba su kuma taɓa ba shi kunya ba. Ba hanya ce ta kashe Auta ba. Zazzaɓi ya kwaso a wata tafiyar ƙarshen damina, mako bai zagayo ba aka binne shi. Mai Darma bai yi kuka ba. Ya buɗe rumfa ya ci gaba da aiki, in an ba shi abinci ya ci, bai san ɗanɗanonsa ba.

Da rani ya shigo, matar Auta ta karɓi makullin jif ɗin, ga 'yar ƙarama a hannu, ciki kuwa bai san makoki ba. Wata safiya ta tsaya bakin rumfa.

"Baba, da na hau kwalta sai sitiyari ya kama rawa a hannuna."

Ya kwance tayar gaba ya kifa ta. A cikin rim, ƙarfen da taya ke zaune a kansa, ga curin jar laka ya bushe ƙam. Watanni ke nan ba a yi ruwa ba, saboda haka ya san tafiyar Auta ta ƙarshe ce ta kwaso lakar nan. Ko ɗan koyo ya san ƙa'ida: a kankare, a wanke, sannan a hau inji. Shi kansa ya sha zagin direbobi a kan haka. Ya ɗauki ƙarfen kankara, ya ajiye. Sai ya ɗora tayar a inji da lakarta, ya dinga maƙala darma a ɗaya ɓarin har ta daidaita. Bai yi tunanin komai ba.

Ba a daɗe ba ta dawo, leɓenta a fashe, yarinyar da ƙulu a goshi. Wani rami ta daka, rabin lakar ya ɓalle, darma ta rage ita kaɗai tana jan taya, sitiyari ya ƙwace mata ta faɗa kwalbati.

"Baba, ina ga ni ce ban iya ba," ta ce. "Ko in haƙura da tuƙin nan ne?"

"Ba ke ba ce, 'yata."

Ya kwance tayar a gabanta ya kifa. Ta dubi ragowar lakar, ta dubi jerin darmar da ke fuskantarta, ta daɗe tana kallo. Sai ta sauke yarinyar a benci ta tafi ɗebo ruwa.

Ya ɓanɓare darmar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa ƙarfe a lakar. Ta fi yadda ya zata laushi, bugu kaɗan ta zube. Surukarsa na zuba ruwa yana cuɗawa da tafin hannu, jan ruwan na gangarawa lambatu, har rim ya fito fes. Da ya zo ɗaga tayar zuwa inji, sai ya sake ta, ya zauna daɓas a cikin caɓin.