Gurbin da Na Bari a Takardar Lissafi

Na daɗe ina buga takardu da mashin a wata kolej a Tasawa kafin a kawo mana odinater, wato kwamfuta. A zamanin mashin, in takardar lissafi ce, gurbi muke bari. Inda alamar rasin, wato saiwar lamba, za ta zauna, ko ƙaramin biyun nan da ke hawa kan harafi, sai mu tsallake, daga baya mu cike da alƙalamin bik. Na'ura ta zo, hannuna bai saki wannan hali ba.

A shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, soja kuma suka karɓi mulki, aka turo mana malamin lissafi ɗan kwantaragi, mutumin Maijirgi. Gonarsu ba ta ba da komai ba, da aikin nan gidansu ke ci.

Wata rana ya same ni ina zana alamomi da hannu. Ya ce, "Baba, ai na'urar nan tana da wurin saka waɗannan." Ya danna, wani ɗan akwati ya buɗe, da ƙananan gurabe inda za a zuba lamba ta sama da ta ƙasa. Abin ya fito tsaf kamar a littafi. Wani malami da ke wurin ya ce, "To, tsoho zai koma aji ɗaya."

Raina ya ɓaci. Na juya kan malamin lissafin, wanda muke kira Mushe kamar kowane malami, na ce, "Mushe, tun kana tallar gujiya nake buga lissafi."

Ya yi dariya ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Da jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe ta zo, ya kawo mini tambayoyinsa da rubutun hannu. Na buga yadda na saba. Gurbi goma sha ɗaya na bari, na cike goma, na kai fotokopi. Ƙaramin biyu ɗaya na manta, a tambayar da ta fi maki. Ba tare da shi ba, amsar da aka ce a nemo ba ta fitowa. Yara suka ɓata lokacinsu a kanta, wasunsu ko koko ba su sha ba da safe.

Iyaye suka yi ƙorafi. Dirakta ya kira malamin lissafin cikin birona, wato ofishina, ya tambaye ni takardarsa ta asali. Tana cikin aljihun tebur, gwiwata na taɓa shi. Na ce na mayar masa.

Malamin ya dube ni. Sannan ya ce, "Ƙila ni na ɓatar da ita, ranka ya daɗe."

A ƙarshen shekara ba a sabunta kwantaraginsa ba. Ba zan ce wannan kaɗai ne dalili ba, amma rahoton da aka aika a kansa ya ambaci sakaci wajen shirya jarrabawa. Na san haka domin ni na buga shi.

A hutun nan na zauna ni kaɗai na buɗe akwatin da ya nuna mini. Kafin azahar na iya. Na kuma ga cewa in ka bar gurbi, yana nan a fili yana kallonka har sai ka cike shi.

An ce mini ya ƙetara iyaka zuwa Jibiya yana ɗaukar kaya a kasuwa. Sau biyu na je Maijirgi, na tsaya a bakin tasha, na kasa tambayar gidansu. Takardarsa tana wurina har yau. Biyun yana nan a kan harafin, ya rubuta shi da kyau, har ya maimaita bik a kansa don kada in tsallake.