Kar Ka Gyara Mana Baki

Yau malamina a jami'a ya yarda in yi fim ɗin digirina na biyu da Hausar Zango, irin wadda muke yi a gida. Ina fitowa daga ofis ɗinsa sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Ranar da na gaya mata zan koma karatun fim, a gida na same ta. Tana tsakar gida tana soya shito, miyar barkonon nan tamu, yaji yana sa mu tari. Duk wasan kwaikwayo konsat take ce masa.

"Konsat ma sai an je makaranta?" ta ce. "To, je ka. Amma in ka sa mu ciki, kar ka gyara mana baki."

Na daɗe ina fargabar a ce sai Turanci. Kaka, ba a gyara ba. Allah ya haskaka kabarinki.