Ƙyauren Armuwar Nafissa

Duk wanda ya taɓa shiga taksin Halidu a Yamai ya san shi da hali guda. In ya zo tsallake layin dogo sai ya rage gudu, ya dubi dama, ya dubi hagu, alhali ko akuyar unguwa ta san babu jirgin da ke tafe. Fasinja su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Ba taɓin hankali ba ne. Da ƙuruciya dako ya kai shi Paraku ta ƙasar Benin, inda ake sauke kayan 'yan kasuwa daga jirgin ƙasa. Can idonsa ya maƙale ga masu juya layi, waɗanda ke raba taragai, su tura wannan nan, su ja wancan can, har su jera su yadda ake so. Ya yi ta bin su har ya iya. Da ya ji ana shimfiɗa dogo a Yamai sai ya tattaro ya dawo da murna. Layi ya kwanta, jirgi bai zo ba. Ya kama tuƙi, ya auri Nafissa 'yar Madawa, suka sami ɗaki da falo a unguwar Bukoki, aka haifi Farida.

Wata rana a kasuwar Katako, cikin tarkacen wani Bature da ya tashi, ya ga ɗan kan jirgi na wasa da taragansa. Yakuba mai tarkacen ya zazzage masa layi iri biyu.

"Ga siriri da ɗan jirginsa, ko kan tebur na shayi ya zauna. Ga mai faɗi, amma wannan wuri yake so."

Mai ɗaki da falo, da ya yi hankali, siririn zai ɗauka. Sai dai siririn ya fara tsatsa, taragansa kuma sun yi wa yatsun Halidu ƙanƙanta. Mai faɗin fari ne tas, mahaɗarsa na motsi da ɗan ƙara irin na gaske. Ya ɗauki mai faɗin, ya ce wa Yakuba na yarinya ne.

Bai son jirgin da ke zagaye kamar jakin niƙa. 'Yar tasha yake so: layi ɗaya ya shigo, ya rabu uku ta mahaɗa biyu. Ya zana da alli a kan siminti, ya goge, ya sake. Abin da ya hana shi sakat shi ne wuyan layin, inda kan jirgi zai ja da baya da taragai kafin ya tura su wani reshe. In wuyan ya gajarce, aikin duka ya tashi banza. Ya auna da igiya, katakon da yake da shi ya gaza da taƙi guda. Zuwa wurin kafinta kuwa ya gagara, don sai an tambaye shi na mene ne, kuma magidanci mai furfura a gemu ba ya iya buɗe baki ya ce na wasan jirgi ne.

Sai idonsa ya faɗa kan ƙyauren armuwar, babban akwatin tufafin Nafissa. Ya ɗora igiyar, ta zauna cif.

Armuwar ɗin nan Inna Mariya, uwar Nafissa, ta sayar da awakinta ta saya lokacin aure. Kayan ɗaki ne, ko makullinsa miji ba shi da iko da shi, kuma Halidu ya san haka sarai. Amma ranar da Nafissa ta tafi suna unguwar Gamkalle ya kwance ƙyauren, wai aro, ya gani kawai. Layi ya yi ta zamewa, ya sa 'yar ƙusa ɗaya. Kafin la'asar ya huda ramukan waya.

Nafissa ta dawo ta same shi rub da ciki a ƙasa. Ta daɗe tana kallo.

"Baban Farida, ƙyauren da Inna ta saya mini?"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ɗauko zane ta rataya a bakin armuwar, shi kuma ya rantse zai sa a yi wani. Yau ne, gobe ne, har damina ta wuce. Tashar kuwa ta yi kyau, a ƙarƙashin gado take kwana, in gida ba kowa ya jawo ta.

Ana nan Inna Mariya ta zo ganin likita saboda gwiwa. Halidu ya tura tashar can ƙuryar gado, ya rufa mata tsohuwar tabarma, ya bar wa surukarsa ɗakin ya koma falo. Washegari da safe ya durƙusa bayan labule zai gaishe ta, sai ya ji muryarta.

"Ke, mi ya sami ƙyauren ga?"

"Gara ta ci shi, Inna."

"Gara? Cikin ɗaki mai siminti? Ke dai ba ki da kula, tun kina ƙarama haka kike. Ɗiyar mutane ta riƙe kayan ɗakinta har ta aurar da jika, ke kin bar gara ta cinye naki!"

Inna ta yi ta faɗa har maƙwabta na jiyowa. Halidu na durƙushe bayan labule. Kalma ɗaya ta isa ta wanke matarsa, amma kunya ta ɗaure masa harshe. Ya miƙe a hankali ya fita aiki ba tare da ya gaishe ta ba, ya wuni yana jin haushin kansa.

Bayan Inna ta koma gida aka kira shi daga tashar mota, wai yana da saƙo daga Madawa. Abu ne dogo, naɗe da buhuna. Da aka kwance a gida, Nafissa ta zauna bakin gado ta rufe baki da hannu. Ƙyauren armuwar Inna ne, na ɗakinta, wanda ya girmi Nafissa. Tsohuwa ta bar nata tufafin a buɗe.

Halidu ya hau ɗaura shi, kansa a ƙasa. Launi bai zo ɗaya ba, tsawo ma ya ɗan gaza.

"Inna ta yi waya ɗazu," in ji Nafissa. "Ta ce tun ranar da ta iso, ta duƙa neman takalminta ta ga jirginka a kan ƙyaurena. Ta ce ya yi kyau."

Hannunsa ya tsaya.

"To, faɗan fa?"

"Ta ce ba ta iya tambayar suruki ta ba shi kunya cikin gidansa, shi ya sa ta sauke a kaina. Ta san kana bayan labule. Ta ce ta ja faɗan da tsawo ko za ka yi magana."