Ranar da Na Kusa Kai Maƙwabcina Wurin 'Yan Sa-kai

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare wajen Kuyello, na noma 'yar masara a bakin daji. Ta yi goyo gwanin sha'awa, sai ɓarna ta fara. Yau in tarar an ɓalle goyo goma, jibi an kwantar da kunya guda.

Ban sha wahalar neman mai laifi ba. Akwai wani dattijo Bafulatani da rugarsa ke bayan gonar, kullum ta nan yake kora shanu. Da mun haɗu sai ya ce, "Malam, an tashi lafiya? Yaya masara?" Wannan "yaya masara" ita ta tsaya mini a rai. Ina ruwansa da masarata? Ranar da bai tambaya ba kuma sai na ce kunya ce ta kama shi. Sau biyu ina hango shi a cikin gonar, kafin in ƙarasa ya bi shanunsa.

Na faɗa wa abokina da muke waƙa tare a coci. Ya ce, "Me kake jira? Kai shi wurin 'yan sa-kai kawai."

A lokacin kowa ya san ba a kai sunan makiyayi wurinsu da wasa. Maganar masara tana iya komawa zargin haɗa baki da mutanen daji. Na san haka sarai, amma raina ya riga ya ɓaci.

Ranar Asabar da safe na tayar da mashin. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da ni, tana tankaɗe a tsakar gida.

"Ina zuwa da wannan fuskar?"

Na faɗa mata.

"Ka gan shi da idonka yana ɓalla?"

"Ban gani ba, Mama, amma ai..."

"Ka faɗa wa Ubangiji?"

"Ai ya sani."

"Ya sani, kai ne dai ba ka faɗa ba. Kashe mashin ɗin nan."

Muka durƙusa a bakin tabarma. Abin da na yi ba addu'a ba ce, ƙara na shigar: "Ubangiji, ka tona asirin mutumin nan." Mama ta karɓa, "In kuma ɗana ne a kan kuskure, Uba, ka tona nasa tun bai cuci wani ba, cikin sunan Yesu." Da ƙyar amin ta fito daga bakina.

Ban huce ba. Na dai ji ba zan iya wucewa wurin 'yan sa-kai kai tsaye ba, na ce bari in fara biyawa ta gona. Ina isa kuwa sai ga dattijon a tsakiyar masara da sandarsa. Na ce yauwa! Na ciro waya zan ɗauki hoto.

Ya yafuto ni. "Malam, tako a hankali, zo ka gani."

Sai da na juya kan mashin ya kalli hanya, na bar shi a kunne, sannan na matsa. Ya nuna mini wata ɗorawa a ƙarshen gonar. Birai ne sun fi ashirin, kowanne riƙe da masarata, babbansu har yana kallona yana ci.

"Kwana goma ina korarsu in na fito da shanu," in ji shi. "Na so in gaya maka, to da na gaishe ka sai ka kau da kai."

Ko a nan, sai da na saci kallon ƙasa ina neman sawun kofato. Babu ko ɗaya.

Har yau zargi ne ke fara zuwa mini in abu ya ɓata mini rai, wannan halin bai bar ni ba. Na dai koyi durƙusawa kafin in bar ƙofar gida. Mutumin nan yana da mata da jikoki a rugarsa, kuma bai taɓa sanin inda na nufa a safiyar nan ba.