Kwalbar da Ba Ta Shiga Shara

A ƙofar bincike ta tashar jirgin ƙasa, wata mata mai furfura tana rungume da kwalbar baƙin ruwa. Duk faratanta sun rine.

"Mama, a shara za ki jefa," in ji mai gadi.

Ta goga maganaɗisu, mayen ƙarfe, a jikin kwalbar, ruwan ya miƙe ƙaya-ƙaya kamar bayan bushiya.

"Ɗana, garin ƙarfe ne a ciki. Haka nake jan ruwan zuwa inda kwamfuta ta ɗau zafi, ya sanyaya ta. Duk ƙuruciyata na ƙarar wajen ƙirƙiro shi."

"Doka ce."

Jirgi na shirin tashi. Da ganinta, ba yau aka fara ce mata ta zubar ba. Ta zauna daram a kan jakarta.

"Jirgin ya tafi mana. Kira min babbanku."