Hula a Kan Ido a Kasuwar Litinin

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokan tafiya biyu da tumbina, wanda direba ya rantse sai an kama masa kujerarsa daban. Abin da ya ɗaga ni kuwa waya ce daga shugaban wata ƙungiyar 'yan atamfa a Maiduguri, waɗanda na gina wa shafin intanet bara. Ya ce tsohon da ke amsa musu waya yana duba kaya a shafin ya cika nawa, masu saye suna gajiya su katse, ƙarshen wata za su sallame shi. Tsohon nan shi ya koya mini buga tafireta ina saurayi. Yanzu idonsa ya tafi, kwamfuta ke karanta masa abin da ke kan allo, kuma ni na kai sunansa aikin. Na ce bari in je in ba da haƙuri, ai tsufa ba laifi ba ne.

A Potiskum muka sha shayi da ƙwai. Abin da mai shayi ya caje ni, a zamaninmu da shi zan je Maiduguri in dawo har da tsaraba. Daga Damaturu kuwa shingen bincike sai ka ce carbi. Na nuna katin shaida har hoton da ke jiki ya fara hararata.

Da la'asar muka shiga gari. Itatuwan dogon yaro na nan a jere bakin titi kamar yadda na bar su, sai dai sun yi ƙiba, irina. Na sa mai keke ya bi da ni ta tsohuwar makarantarmu ta tafireta. Ta zama shagon cajin waya. Na tsaya ina kallon ƙofar, wallahi kunnena na jin ƙaf-ƙaf-ƙaf da ƙararrawar ƙarshen layi. A masauki aka kawo burabusko da miyar bandar kifi, na ci har mai gida ya fara duba ko tukunya ta huje.

Washegari na shiga Kasuwar Litinin, ƙamshin turaren wuta ya tare ni tun daga bakin layi. Na tarar da Malam a lungun shagon ƙungiya, yatsunsa a kan madannai, zaune cak kamar da. Na yi masa gaisuwar mutanen garin.

"Wushe, Malam!"

"Wushe, Sarkin Kuskure. Tun daga ƙofa na ji ƙasa na motsi."

Sunan da ya raɗa mini ke nan tun ina cinye masa takarda. Na fara jera masa kalaman lallashi, shugaba na tsaye yana gyaɗa kai. Malam ya laluba ya zare maus, wato linzamin kwamfutar, ya jefa a aljihu, ya ce in zauna. Sai ya kama hulata ya jawo ta har kan hanci. Haka yake mana a makaranta: duk wanda ya saci kallon madannai, hularsa ce maganinsa.

"Nemo mini shadda."

Na buga, murya ta karanto jerin shadda. Na yi murmushi a cikin hula.

"To, mai saye ya sake shawara, yana son jin duk abin da ya shigo. Share."

A gefen akwatin bincike na sa wata 'yar alama, kana taɓa ta da maus komai ya goge, kaya su dawo gaba ɗaya. Na danna Tab, maɓallin da ke kai mutum daga abu zuwa abu, ya tsallake ta. Na koma baya, ya sake tsallakewa. Muryar ma ba ta san da zamanta ba, don ado kawai na zana, ban mai da ita maɓalli na gaske ba. Na goge rubutun da hannu, shadda ta ce tana nan daram, domin ni da kaina na ɗaure dawowar kaya a jikin alamar. Dole na sake loda shafin. Da sabis ɗin cikin kasuwa, kafin ya buɗe har gemuna ya ƙara tsawo.

"Haka nake yi duk kira," in ji Malam. "Ka gina ɗaki, ka kafa ƙofar a saman rufi."

Shugaba ya ce, "Ashe ba Baba ba ne, kai ne?"

Gumi ya jiƙa hular. A nan na buɗe tawa kwamfutar. Na mai da alamar maɓalli sosai, na sa mata suna yadda murya za ta ce "share bincike", Tab ya tsaya a kanta, in an danna ta mutum ya koma cikin akwatin ya ci gaba da rubutu. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Waya ta yi ƙara, wata Hajiya na son leshi, ta koma atamfa, ta koma leshi. Kafin ta rufe baki Malam ya ba ta amsa, sau uku. Shugaba ya sosa ƙeya ya ce maganar ƙarshen wata a bar ta.

Mun juyo da sassafe, na iso gida bayan la'asar da ƙullin turare da kifi. Na tafi roƙa wa tsoho afuwa, ashe ni ne mai neman ta. Yanzu duk shafin da na gama, sai na jefa maus a aljihu na ja hula har hanci. Uwargida ta leƙo ta gan ni haka, ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Makaranta na koma."